Sawun Tsintsiya a Shago na Takwas

Gara a faɗi aibin mutumin tun yanzu, kafin wani ya riga mu faɗa: Mai Sawu yana barcin rana. Ba irin gyangyaɗin nan da dattijo kan yi a kujera ya farka ya ce tunani yake yi ba. Barci ne na gaske, mai tabarma da matashi, daga bayan azahar har la'asar. Kuma ba a gida yake yin sa ba, don gidan akwai jikoki huɗu, da rediyon matarsa, da ƙanin matar da ke zuwa cin abincin rana kullum kamar likita ne ya rubuta masa. In Mai Sawu ya ci ya wanke hannu, sai ya ɗauki sanda ya ce zai zaga gari ya duba ƙasa. Matar ta ce a dawo lafiya. Shi kuma ya bi lungun bayan tsohuwar tasha, ya buɗe ƙofar baya ta shago na takwas, ya bar ta a buɗe saboda iska, ya miƙe.

Shekara shida yana haka, kuma a ganinsa ko ɓera bai sani ba.

Shagunan goma sha biyu ne a jere, an gina su lokacin da tasha take nan. Da aka yi sabuwar hanya ta bayan gari, motoci suka koma can, 'yan kasuwa suka bi motoci, aka bar ƙofofin ƙarfe suna tsatsa, awaki suna shan inuwa a baranda. Mai ginin ya rasu, magada suna birni, sun bar tarin makullai a hannun Wakili, wani tsohon mai awon hatsi da ya yi shekara ashirin a shago na uku kafin ya sayi jaka da tabarau ya zama mai kula da gini. Duk taron unguwa sai an yi maganar shagunan nan: maɓoyar ɓarayi ce, matattarar sauro ce, abin kunya ne ga gari. A tashi taro, kowa ya tafi gida.

Shago ɗaya ne kawai a buɗe, na farko, na Tela. Shi ne ƙanin matar nan mai cin abincin rana. Marigayi mai ginin ya bar masa takarda cewa ya zauna iya ransa, muddin ba a same shi da abin kunya ba.

Shi kuwa Mai Sawu, shekara talatin ya yi yana bin sawun shanu da awakin sata. Da aka malale garin da siminti, ɓarayi kuma suka hau babur, sai ya buɗe shagon takalma a na takwas, a tunaninsa wanda ya san ƙafar kowa ba zai rasa ciniki ba. Ashe ba mai son sayen takalmi a wurin mutumin da zai dubi diddigenka ya gaya maka inda ka je jiya. Wata tara ya rufe. Ya mayar wa Wakili makullin gaba. Na baya kuwa ya manta, ya kuma ci gaba da mantawa.

* * *

Ran Talata da hantsi aka aiko kiransa.

Janareton famfon unguwa ne ya ɓata. Kwamitin ruwa ya ajiye shi a shago na bakwai kafin a gama gyaran rufin ɗakin famfo, aka sa sabon kwaɗo, aka ba Tela makullin guda ɗaya tilo tunda shi ne kullum a wurin. Da safen nan Ciyaman na kwamitin ya zo da mai gyara za su ɗauka. Kwaɗo a rufe, ko ƙwarzane babu. Suka buɗe, ba janareto. Sati uku ke nan mata na sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, saboda haka kafin Mai Sawu ya iso rabin unguwa ta riga shi, kuma kowa ya shiga ya tattaka wurin don ya gani da idonsa cewa babu.

"Sannunku da aiki," in ji Mai Sawu yana kallon ƙasa. "Saura ku koro shanu su ma su duba."

Tela na tsaye da tef a wuya. "Yaya, wallahi makullin bai taɓa barin aljihuna ba."

"To ai matsalar ke nan," in ji Ciyaman.

"Yi shiru, Tela," in ji Mai Sawu. "Duk maganar da ka yi rami take haƙa maka."

Wata mata daga baya ta ce dama tun da ya ɓata mata wuyan riga ta san ba mutumin kirki ba ne. Aka yi dariya, amma ba irin dariyar da ake yi da mutum ba.

Wakili ya gyara tabarau, ya rungume jakarsa. "Ni ba na zargin kowa. Amma takardar marigayi a fili take. In janareto bai fito ba zuwa la'asar ɗin gobe, sai Tela ya kwashe kekensa, sauran kuma tsakaninsa da 'yan sanda."

Mai Sawu ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙarar da kowa ya ji. An share shagon tas kafin jama'a su shigo, wannan a fili yake. A kusurwar ciki, inda ƙafa ba ta kai ba, ga sharar an tara ta wuri ɗaya. Ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya ɗaga kai ya dubi wata 'yar ƙofa a bangon da ya raba na bakwai da na takwas, an shafe ta da fenti iri ɗaya da bango.

Ciyaman ya tura ta da kafaɗa, ba ta motsa ba.

"An buga mata ƙusoshi tun zamanin mai kantin magani," in ji Wakili.

Mai Sawu ya kau da kai. Ya san ƙofar nan. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Sakata ce kawai ta ɓangaren na takwas, kuma a kanta yake rataye hularsa.

* * *

Da jama'a suka watse, ya bi ta lungu kamar mai neman wurin fitsari, ya buɗe ƙofar baya.

An share na takwas ma. Daga 'yar ƙofar nan har bakin lungu tsintsiya ta bi, ta shafe sawun taya da na ƙafa. Wuri ɗaya kawai aka bari da ƙurarsa, a tsakiyar ɗaki, mai tsawon mutum da faɗin tabarma. An bi gefensa a hankali, kamar yadda ake share ɗakin mara lafiya.

Mai Sawu ya jingina da bango. Sai yanzu ya tuna jiya da ya farka ya tarar da takalmansa a jere ta ɓangaren kansa, alhali a bakin ƙofa ya tuɓe su. Har ya yaba wa kansa da tsari.

Ke nan ba da dare aka yi satar ba, kamar yadda kowa ke zato. Da rana tsaka aka yi, jiya, tsakanin azahar da la'asar. An shigo ta ƙofar da ya bari a buɗe, an zare sakata, an jawo janareto mai taya biyu an wuce da shi ta gefen kunnensa, an dawo an yi shara. A daidai lokacin nan kuwa Tela na gidan Mai Sawu, hannunsa a cikin kwano, gaban shaidu biyar.

Magana ɗaya za ta wanke Tela. Amma maganar nan ita ce: ni, da na bi sawun saniya kwana uku a kan dutse, ina kwance aka tsallake ni.

Ya ce a ransa akwai sauran lokaci kafin gobe.

A kusurwa ga wata sharar, irin ta na bakwai. Ya saka tabaransa na karatu, wanda ba ya sakawa a gaban mutane, ya durƙusa. Mai sharar nan bai kora ta waje ba. Daga bakin ƙofa ya faro ya yi ciki da ita, ya tara ta tsibi, ya tsince 'yan duwatsu ya ajiye gefe, sannan ya shafe saman tsibin da gefen tafin hannu, ya daidaita shi sumul. Mai Sawu ya taɓa ganin hannun nan. Inda ya gan shi ne ya ƙi zuwa.

* * *

Ya fara da Mai Ruwa, mai rijiya da kurar ruwa takwas, wanda tun da famfo ya tsaya yake tafiya kamar an yi masa albishir.

"Ka zo ka tambaye ni ko na ji daɗi?" in ji Mai Ruwa. "Na ji daɗi. Rubuta."

"Ban zo da biro ba. Jiya da rana kana ina?"

"Da rana? Ai da dare aka ce."

"Ni na tambaya."

"Ina cikin rijiya, guga ya faɗa. Mutum huɗu suka ja ni, biyu suna zagina." Ya ɗaga rigarsa ya nuna inda igiya ta goge shi. "Kuma Malam, in ni ne, ba ɓoye shi zan yi ba. Yashi zan zuba masa a tanki in bar muku abinku."

Mai Sawu ya dubi tsakar gidan. Laka ko'ina, da sawun agwagi. Mutumin nan bai taɓa share wuri a rayuwarsa ba.

Mai Aski kuwa tun daga nesa ake jin ƙarar janareto a bayan rumfarsa, kuma mutum uku sun riga sun raɗa wa Mai Sawu cewa sabo ne. Ya zaga ya duba. Wani ɗan mitsitsi ne, ana ɗauka da hannu ɗaya, yana rawa yana tari.

"Na surukina ne," in ji Mai Aski. "In na kunna fanka, injin aski ya tsaya a tsakiyar kan mutum. Zauna in rage maka gemun nan, ya fara kama da abin da ake wanke tukunya da shi."

Ya zauna, don ya san mai aski ba ya magana sai da kai a hannunsa. Aka yi maganar kwatar da ta toshe, da bolar da ta kusa cinye hanyar makaranta, da fitilar titi da aka sa wata biyu aka cire.

"Ni dai shagunan nan ne ke ba ni tausayi," in ji Mai Aski. "Da za a ba ni ɗaya, da na huta da rumfar nan. Na tambayi Wakili sau uku, ya ce magada sun hana. Amma watan jiya na ga wani mai farar mota da tef, suna auna filin tun daga na farko har na sha biyu. An ce gidan mai yake son yi, in wurin ya zama ba kowa."

"Su wa ke aunawa?"

"Kar ka motsa, zan yanke ka. Shi da wanda ya riƙe masa ɗaya bakin tef ɗin mana. Ni daga nesa na hango."

Mai Gadi, da ke zama a lungun baya daga magariba zuwa asuba, Mai Sawu ya same shi ya ɗaure haɓa da ƙyalle.

"Kowa na cewa barci na yi," in ji shi da kumburarren kunci. "Kwana huɗu haƙorin nan bai bar ni na runtsa ba. Ba abin da ya wuce ta lungun nan sai kyanwa. In da mai barci a wurin nan, ba ni ba ne."

Mai Sawu ya dube shi da sauri. Mai Gadi yana kallon sama, yana shafa kunci.

* * *

A gida ba a kunna rediyo ba, kuma wannan ya fi kowace masifa. Tela na zaune a gefen tabarma, an ajiye masa kwano bai buɗe ba. Tun da aka auro yayarsa ba a taɓa ganin haka ba.

"Malam," in ji matar, ba ta dube shi ba, "shekara ashirin da shida yaron nan ya yi a shagon can. Da keken nan ya aurar da 'ya'yansa. In aka fitar da shi da sunan ɓarawo, wa zai sake ba shi ko ɗinkin maɓalli?"

"Yaron nan furfurarsa ta fi tawa."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Ina kan bincike."

"Kullum kana duba ƙasa. Yau dai ta yi amfani."

Ya buɗe baki zai faɗa. Har ya ce, "Jiya da rana..." sai jikarsa ta ɗago kai tana kallonsa, ita da ke gaya wa 'yan ajinsu kakanta yana gane ɓarawo da warin ƙafarsa. Ya ce jiya da rana an yi zafi.

Matar ta ja tsaki, ta jawo buhun shinkafa za ta auna ta dare. Ta cika mudu, ta sa gefen hannu ta shafe samansa. 'Yar da ta zube a ƙasa ta tattaro ta ciki, ta tsince tsakuwa ta ajiye gefe, ta mayar.

Mai Sawu ya tsaya da loma a hannu.

"Wa ya koya miki haka?"

"Me?"

"Shafe saman mudu."

"Wa zai koya mini? Shekara ashirin ina tsaye ana yi mini a shagon awo, ana shafe mini rabin abin da na saya."

Ya ajiye lomar, ya tura wa Tela kwanonsa. "Buɗe ka ci, kada ka rame a ce ni na hana ka. Ke kuma ki tara mini toka bokiti ɗaya, da duk tsintsiyar da ke gidan nan."

* * *

Washegari bayan azahar, a lokacin da ya saba yana wani wuri, Mai Sawu ya tsaya a barandar shagunan yana haɗiye hamma. Unguwa ta cika wurin. Ya jera mutum biyar: Tela, Mai Ruwa, Mai Aski, Ciyaman, da Wakili.

"Har da ni?" in ji Ciyaman.

"Kai ka sayi kwaɗon. Wakili kuma shi ke da gini. Kada a ce na zaɓi talakawa."

Ya yi bayani. Ɓarawo ya share sawunsa, amma ya manta guda ɗaya, kuma Mai Sawu ya gani. Yanzu kowa zai share shago ɗaya tas, a barbaɗa toka, ya taka da ƙafa ba takalmi, a gwada.

Wakili ya yi murmushi, ya zaro makullai. "Ni ma na fi son a yi komai a fili."

Aka fara buɗe ƙofofi, kowane kwaɗo sai an ɗiga masa mai an buga da dutse. Ƙofofin suka yi kuka, jemagu suka fita, haske ya shiga wuraren da ya shekara goma bai shiga ba. Aka miƙa wa kowa tsintsiya.

Tela ya fara da tsugunawa, ya zaro maganaɗisu daga aljihu yana bin ƙasa da shi kafin ya taɓa tsintsiya, a shagon da ba a taɓa ɗinki ba. Mai Ruwa ya nemi bokiti ya kwarara, ya mayar da na huɗu fadama. Mai Aski ya share da'ira a tsakiya, daidai inda kujera za ta zauna, ya kore sauran waje a kan ƙafafun 'yan kallo. Ciyaman ya riƙe tsintsiya ta wajen bakinta, har wata tsohuwa ta shiga ta juya masa.

Mai Sawu bai kalli ko ɗayansu ba. Yana bakin na uku.

Wakili ya ajiye jaka, ya naɗe hannun riga. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya wa titi baya, ya yi ciki da shara. Hannunsa ya tuna shagonsa. Ya kai ta kusurwa, ya tara tsibi, ya tsince 'yan duwatsu ya ajiye gefe. Sannan ya sa gefen tafin hannu ya shafe saman.

"Kawo tokar," in ji shi yana karkaɗe hannu.

"Bar tokar," in ji Mai Sawu. "Ta wankin kwano ce, matata na jira. Ciyaman, zo ka ga wani abu. Ku ma ku zo, amma wannan karon da ido, ba da ƙafa ba."

Ya nuna musu tsibin na uku. Ya kai su na bakwai ya nuna na kusurwa. Ya sa Wakili ya buɗe na takwas ta gaba, ya shiga da sauri ya tsaya a tsakiyar ɗakin, daidai kan wurin da ba a share ba, yana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa, ya nuna tsibin da ke kusurwar ɗakin da sanda. Ya zare sakatar 'yar ƙofa da yatsa ɗaya, ta buɗe ba ko ƙara.

"Ga ƙusoshin mai kantin magani," in ji shi.

Ya juya ya fuskanci jama'a.

"Kowa a garin nan waje yake kora shara. Mutum ɗaya ne ke kora ta ciki, don a wurinsa abin da ya zube ƙasa ba shara ba ne, kaya ne. Ya tsince tsakuwa, ya shafe sama. Ɓarawon ya tuna ya share sawun ƙafarsa. Na hannunsa ne ya bar mini, har wuri biyu."

"Ni ma na san hannun nan," in ji matarsa daga cikin mata. "Na ce na san shi."

"Wannan ai wasa ne," in ji Wakili. Muryarsa ta sirance. "A kan shara za a kama mutum?"

"A'a. A kan janareto. Shago biyu ne ke da ƙofar baya, na takwas da na sha biyu. Ba wanda zai ja abin nan a titi da rana ba a gan shi ba. Buɗe na sha biyu."

"Makullinsa ya ɓata tun bara."

"Ba ni tarin in taya ka nema."

Mai Ruwa ne ya karɓe jakar, don shi ma ya gaji da zargi. Makulli na huɗu ya shiga. Duk kwaɗon da aka buɗe yau sai da aka yi dambe da shi. Wannan kuwa ya buɗe kamar yana jira.

Janareton na can ciki, an lulluɓe shi da tsofaffin buhunan hatsi, an jera su baki ɗaya.

Abin da ya biyo baya, Mai Sawu ya fi so a ba da shi a hankali, amma da sauri ya faru. Mata suka yi guɗa. Matar nan mai wuyan riga ta ce dama ita ta san Tela ba zai aikata ba. Tela ya zauna a bakin baranda ya rufe fuska da tef ɗinsa, kafaɗunsa na rawa. Mai Aski ya ce yanzu ya tuna wanda ya riƙe ɗaya bakin tef ɗin mai farar mota. Wakili ya zauna a kan buhu ya faɗi sauran da bakinsa: mai gidan mai ya ce ba zai saya ba sai wurin ya zama kango, takardar marigayi kuma ba ta da ƙofa sai ta abin kunya. Ba sayar da janareton zai yi ba, in ji shi. Da Tela ya fita, da an tsince shi a wani wuri.

"Amma Malam," in ji Ciyaman, "jiya Mai Ruwa ya ce ka tambaye shi rana, ba dare ba. Ya aka yi ka san lokacin?"

Mai Sawu ya gyara tsayuwa, ya dogara sanda.

"Kiyashi," in ji shi. "Akwai layin kiyashi da ya bi ta kan sawun tsintsiya. Kiyashin la'asar daban yake tafiya da na asuba. Abu ne na shekara talatin, ba zai bayanu a tsaye ba."

Jama'a suka gyaɗa kai. Wasu ma sun gyaɗa fiye da yadda ya yi tsammani.

* * *

Ran Alhamis ruwa ya zo. Mai Sawu na tsaye aka kunna, famfo ya yi tari sau biyu ya feso, layin bokitai ya kai har bakin makaranta. Ciyaman ya kira magada a waya a gaban kowa, suka ce su ba su san da wani gidan mai ba, a karɓi makullai a ba Tela. Tela ya rataye su a ƙugu, yana tafiya suna ƙara kamar jakin mai kaya.

Tunda an riga an share, sai aka ga ba dalilin sake rufewa. Mai Aski ya shiga na biyar, kujerarsa ta zauna daidai cikin da'irar da ya share. Wata mai sayar da kwanuka ta karɓi na biyu. Mai cajin waya ya shiga na shida, kwamitin ruwa ya mayar da na bakwai ofis. Kafin wata ya ƙare, awaki sun koma neman inuwa wani wuri, kuma a taron unguwa aka rasa abin faɗa har aka koma kan bola.

Na takwas ne kawai Tela ya ce ba na haya ba ne, rufinsa na yoyo. Mai Sawu ya san rufin nan ba ya yoyo, amma bai ga dalilin gardama da mai makulli ba.

A gida kuwa matarsa ta ɗauke babban yankan nama daga kwanon ƙaninta ta sa a nasa, a gaban kowa. Shekara ashirin da shida yana jiran ranar nan. Yanzu in ya bi titi, masu babur na rage gudu su gaishe shi, an kuma kawo masa ƙarar akuya biyu da ta wata wayar salula. Yana ba da labarin a shagon Mai Aski ga duk wanda ya zauna, kuma kowace bayarwa kiyashin na ƙara yawa.

Wuri ɗaya ne kawai yake tsallakewa. Ranar nan, kafin a tafi da Wakili, Ciyaman ya yi wa shi Wakilin tambaya ɗaya a gaban unguwa duka, da matar Mai Sawu, da jikokinsa huɗu: me ya sa ya zaɓi rana tsaka?

Wakili ya ce lokacin ne kaɗai ƙofar baya take a buɗe, kuma da minsharin nan ba mai jin ƙarar taya.

Ba wanda ya tambaya minsharin wa.